A Duba Iskar Ɗakin Jariri Tun Kafin Asma Ta Kama Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan ciwon asma da borin jini, wato rashin jituwar jiki da wani abinci ko wani abin da aka shaƙa, a jikin ƙananan yara, musamman waɗanda aka haifa a gidan da ciwon yake da asali. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, na yi aiki a ƙauyukan Jigawa har na ajiye, kuma abin da ya sa na ga ya dace in rubuto yanzu shi ne hunturu ya ƙarato, lokacin da ɗakin shan magani yake cika da iyaye mata riƙe da yaran da tari ya hana su barci.

Duk shekara idan Ranar Asma ta Duniya ta zagayo, wato Talatar farko ta watan Mayu, nakan ji ana ba da shawara a rediyo cewa a cire kafet daga ɗaki, a riƙa wanke na'urar sanyaya ɗaki, a rage kayan ƙawa masu tara ƙura. Shawarwarin ba su da laifi, amma domin mutumin birni aka tsara su. Matar da take girki da kara a Taura ko Miga ba ta da kafet, ba ta da wutar lantarki balle na'ura, saboda haka sai ta ɗauka ba da ita ake ba. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne suke fama da asma, mutum 455,000 kuma suka rasu ta dalilinta, kuma mafi yawan waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu suke aukuwa, inda ba a gano ciwon da wuri, ba a kuma samun maganinsa a kusa.

Yaron da ya fi zama cikin haɗari ba shi da wuyar ganewa. Shi ne wanda mahaifiyarsa ko mahaifinsa ko wani cikin yayyensa yake da asma, ko atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido waɗanda ba sa jin maganin mura, ko kuma ƙaiƙayin fata mai tafiya yana dawowa. Haka nan jaririn da tun yana 'yan watanni kumatunsa da lungun gwiwarsa suke bushewa suna ƙaiƙayi har yana kuka da dare, da bakwaini, da wanda aka haifa ba nauyi, da wanda mahaifiyarsa ta sha hayaƙin taba lokacin da take ɗauke da cikinsa. Likitoci sun daɗe da lura cewa a jikin yara da yawa abin yakan faro ne daga fata, ya koma rashin jituwa da wani abinci, daga baya ya sauka a ƙirji da hanci. Gado dai ba mai iya canza shi, kuma babu allura ko ƙwayar da za a ba jariri a ce an raba shi da asma har abada. Amma gado shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin abin da yaro ya shaƙa da abin da ya ci a shekarunsa biyu na farko, lokacin da huhunsa yake kan girma, suna da babban tasiri a kan ko ciwon zai fito, da kuma irin tsananin da zai fito da shi.

A ganina, a karkara babu abin da ya kai hayaƙi ɓarna, kuma babu inda jariri yake shan hayaƙi kamar ɗakin jego. Duk wanda ya taɓa shiga barka a watan Disamba ko Janairu ya san abin da nake nufi. An toshe 'yar tagar ɗakin da tsumma ko kwali saboda sanyi, an saki labule mai kauri a ƙofa, ga kaskon garwashi a gefen gado, ga turaren wuta da 'yan uwa suka kawo ana zubawa a kai a kai domin kada baƙi su ji ƙarni, idan dare ya yi kuma a kunna igiyar leko a rufe ƙofa. Babban mutum yakan shiga ya zauna na ɗan lokaci idonsa ya fara hawaye, ya yi addu'a ya fito ya sha iska. Shi kuwa jaririn da aka zo yi wa barka, yana nan naɗe cikin shawul, an barbaɗe shi da hoda har wuya, ba ya fita ko ƙofar ɗaki, kuma yana numfashi da sauri fiye da ninki biyu na babba, wato gwargwadon jikinsa ya fi kowa a ɗakin zuƙar abin da yake cikin iskar. Wanda yake shakka ya ɗaga kai ya dubi kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a azarar ɗakin girki, ya tuna cewa hayaƙin da ya bar ta a can shi ne yake shiga ƙirjin ɗan goye duk lokacin da uwa ta sunkuya tana hura wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000.

Ba ina kira ba ne a yi watsi da al'ada ko a bar mai jego cikin sanyi, domin sanyi ma yana kashe jariri. Gyara kawai ake bukata. Garwashi a bari ya kama sosai a tsakar gida, a ɗumama ɗakin da shi yayin da jaririn yake wani ɗaki, sannan a fitar da kaskon kafin a kwanta, saboda kwana da garwashi a rufaffen ɗaki yana iya halaka mutum cikin barci ko da babu hayaƙin da ido yake gani. Turaren wuta a turara kaya da shi a waje, ko a turara ɗakin a buɗe taga ya sha iska kafin a dawo da yaro. Ɗumin da jariri yake bukata ya fi samuwa a jikin mahaifiyarsa, fata da fata, da hula da safa. Idan na faɗi haka a gaban kakanni, amsar da na saba ji ita ce, “Ɗan nan, mu ma haka aka yi mana, ga mu nan da ranmu.” Nakan ce, “Gaskiya ne, Inna, amma ki tuna mini yara nawa aka binne a gidan nan da ciwon haƙarƙari.” Galibi daga nan hirar takan sauya, domin babu tsohuwar da ba ta da lissafinta a zuci.

A nan ne nake son magidanta su saurara, domin an saba ɗora wa mata laifin duk abin da ya sami yaro, alhali yawancin abin da ake bukata a hannun namiji yake. Maigida ne yake tanadin itacen wankan jego, saboda haka shi zai tabbatar busasshe ne, tun da ɗanyen itace ya fi hayaƙi nesa ba kusa ba. Shi ne zai iya kafa rumfar girki a fili, nesa da ɗakin kwana, ko ya fasa taga a saman bangon madafa domin hayaƙi ya sami mafita, ko ya sayi murhu mai tsimin itace idan da hali. Shi ne zai hana a riƙa tayar da wuta da leda ko tsohon silifa, al'adar da ta zama ruwan dare a damina kuma hayaƙinta guba ne. Idan uwa za ta ɗora tukunya, a sami wanda zai riƙe yaron a inuwa ta inda iska ba ta kaɗo hayaƙin, ko kishiya, ko kaka, ko shi maigidan kansa idan yana gida, kuma wannan ba ya rage masa girma da komai.

Igiyar leko ta cancanci a tsaya a kanta, saboda mutane suna ganin ta kamar ba komai ba ce. Wani bincike da aka buga a shekarar 2003 ya nuna cewa igiya guda idan ta ƙone tana fitar da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Haka nan fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki a rufe, ba ta dace da inda yaro yake kwana ba ko kaɗan. Gidan sauro mai magani, wanda ake rabawa kyauta a wajen awo da lokacin gangami, ya wadatar, kuma abin takaici ne a gan shi an kewaye lambu da shi ko an ɗaure kayan amfanin gona, sannan da dare a kunna wa jariri hayaƙi. Game da taba kuwa, Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma babu ɗan sandan da zai shiga ɗakin mutum. Mai sha ya sani cewa hayaƙin yana maƙalewa a riga da katifa, saboda haka fita zaure kawai bai wadatar ba idan zai dawo ya ɗauki yaron da rigar da ya sha a ciki. Matasan da suka rungumi shisha su ma maganar ta shafe su.

Ƙurar hunturu, wadda iska take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba mu da ikon tsayar da ita. Abin da za a iya shi ne a ajiye yaro a ɗaki ranar da hazo ya yi yawa, a yayyafa ruwa kafin shara, kada kuma a tafi da goyo wajen sussuka da shiƙa ko bakin injin niƙa. A damina a riƙa fitar da katifa da filo da bargo rana, domin akwai ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama a cikinsu idan da danshi, kuma su da kyankyasai da fumfunar bango suna cikin manyan abubuwan da suke tayar da asma.

Wani zai ce to dabbobin gida fa? A nan mutumin ƙauye yana da abin farin ciki. Binciken da aka yi a ƙauyukan Jamus da Ostiriya da Suwizalan ya nuna cewa yaran da suka tashi a gidajen da ake kiwon shanu ba su cika kamuwa da asma da borin jini kamar sauran yara ba. A shekarar 2016 kuma aka kwatanta wasu al'ummomi biyu na manoma a Amurka masu asali kusan ɗaya, aka tarar cewa 'ya'yan al'ummar Amish, waɗanda suke noma da dawakai kuma garkensu yana dab da gida, asma a cikinsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake samu a ɗaya al'ummar mai noma da injuna ba. Bayanin da masana suka bayar shi ne jikin yaro yana koyon haƙuri da abubuwan da ya saba haɗuwa da su tun yana ƙarami. Don haka kada kowa ya sayar da akuyarsa saboda tsoron asma. Sai dai wannan ba izni ba ne na kwana da kaji da tattabaru a ɗaki ɗaya da jariri, ko na ba shi madarar da ba a tafasa ba, domin waɗannan suna da nasu cututtukan.

Wannan bayani na sabo shi ne ya kawo ni ga batun abinci, inda nake ganin muna cutar da yara da kyakkyawar niyya. Wata shida na farko nonon uwa zalla ne, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma, kamar yadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya suke koyarwa, kuma yana kare yaro daga gudawa da cututtukan ƙirji waɗanda suke raunana huhu tun da wuri. Matsalar tana farawa ne bayan wata shida. A gidan da ake da asma, sai ka ji an hana yaro gyaɗa, an hana shi ƙwai da kifi, wai kada su tayar masa da ciwon, ga kuma tsohon camfin nan na cewa yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama. Har likitocin Turai da Amurka sun taɓa ba da irin wannan shawara ta a jinkirta gyaɗa, kafin bincike ya nuna musu akasin haka. A shekarar 2015 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Landan a kan jarirai 640 masu tsananin ciwon fata ko rashin jituwa da ƙwai, wato waɗanda suka fi kowa haɗari. An raba su biyu, kashi ɗaya ana ba su abinci mai gyaɗa a kai a kai, ɗaya kashin an hana su. Da suka kai shekara biyar, kimanin 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kasance jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, amma a cikin waɗanda aka saba musu da ita, kimanin 3 ne kawai cikin 100. Wannan ya sa Amurka ta sauya ƙa'idarta a 2017.

Mu da muke ƙasar da aka taɓa yin dalar gyaɗa ba mu bukatar sayen komai daga waje domin mu amfana da wannan. Kunun gyaɗa mai laushi, ko ɗan garin ƙuli-ƙuli marar yaji a dama a cikin koko, da dafaffen ƙwai da aka murƙushe sosai, sun isa, a fara da ɗan kaɗan da rana lokacin da yaro yake lafiya, a kuma ci gaba da ba shi a kai a kai idan ya karɓa. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa guda saboda tana iya sarƙe shi, kuma a tsince wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, domin gubarta tana lalata hanta. Idan bayan cin wani abu leɓen yaro ko fuskarsa suka kumbura, ko jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ko ya yi ta amai, ko numfashinsa ya sauya, to a dakatar da wannan abincin a garzaya asibiti. Yaron da ciwon fatarsa ya yi tsanani, ko wanda ya taɓa yin irin wannan, likita ya kamata ya fara ganin sa kafin a gwada masa a gida. Ita ma uwa mai ciki ko mai shayarwa babu dalilin hana ta waɗannan abinci, sai idan ita kanta ba sa karɓar ta.

Fatar jariri mai bushewa a kula da ita da man kaɗanya mai kyau ko basilin marar turare, a rage sabulu mai ƙarfi da ruwa mai zafi sosai, a kuma guji man shafawa na haɗe-haɗe da ake sayarwa a kasuwa ba tare da an san abin da yake ciki ba. Allurar rigakafi kuma a cika ta, musamman ta tarin shiƙa da ta ƙyanda da ta ciwon haƙarƙari, domin huhun da waɗannan cututtuka suka taɓa yana daɗewa bai koma daidai ba. Sannan a daina zuwa kemis ana karɓo maganin kashe ƙwayoyin cuta duk lokacin da jariri ya yi mura. Yawancin mura ba ta bukatarsa, kuma bincike da dama sun danganta yawan shan sa a shekarar farko da ƙaruwar asma daga baya.

Duk da wannan ƙoƙari, wasu yaran sai ciwon ya fito, kuma a nan ma akwai gyara. Yaron da yake tari da dare ko da asuba, ko idan ya yi gudu, ƙirjinsa yana fito, abin yana tafiya yana dawowa, ba cire beli ko tsaga a ƙirji yake bukata ba, kuma ba a turara masa hayaƙin magani, domin wannan ƙara rufe hanyar iskar yake yi. Yana bukatar ma'aikacin lafiya ya saurari ƙirjinsa, idan abin ya ci tura a tura shi babban asibiti kamar na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Iyaye da yawa suna tsoron inhela, wato maganin asma da ake fesawa a shaƙa, wai wanda ya fara ba ya dainawa. Ba haka ba ne, kuma maganin shaƙa ya fi sauƙin illa a kan ƙwayoyin da ake saya a kemis ana ɗura wa yaro har fuskarsa ta kumbura. Ƙaramin yaro ba ya iya shaƙar inhela kai tsaye, amma likitoci a Afirka ta Kudu sun nuna tun 1999 cewa gorar roba ta rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhelar aka fesa a ciki yaro yana zuƙa ta bakin gorar, tana aiki kamar bututun da ake sayarwa da tsada. Alamomin da ba a kwana da su a gida kuwa su ne ƙasan haƙarƙari yana shiga ciki idan yaro ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko leɓensa da harshensa suka sauya launi, ko numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya ga ɗan wata biyu zuwa shekara, ko 40 ga wanda ya haura shekara.

Roƙona ga hukumomin lafiya a matakin farko na Jigawa da Kano ba mai tsada ba ne. A wajen awo ana tambayar mace game da hawan jini da ciwon suga da sikila, to a ƙara tambaya guda a kan asma da borin jini a danginta da na mijinta, a kuma sa alama a katin, domin ungozoma da mai allurar rigakafi su san gidan da za su fi mayar da hankali a kai. Masu bi gida-gida suna raba maganin zazzaɓin cizon sauro a damina suna shiga har ɗakin da likita ba zai taɓa gani ba, saboda haka a koya musu su dubi murhu da taga su yi magana. Kuɗin Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, a ware wani abu daga ciki domin a ajiye inhela a kowane asibitin mazaɓa, musamman ganin yadda farashinta ya yi tashin gwauron zabo tun 2023. Limamai da dagatai kuma su taimaka da tunatarwa a wajen raɗin suna, domin a nan ne ake samun magidanta a zaune wuri guda, ana saura kusan wata guda mai jego ta gama wanka. Ita ma wannan jarida ina fata za ta nemi likitan yara ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu a kan wannan ciwo daga yanzu har zuwa ƙarshen watan Fabrairu.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lafiya,
Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa.